Daga Dutse Zuwa Jahun Ba Taka Birki

Akwai abin da mutum ke mantawa tun kafin ya kwanta barci, akwai kuma wanda ko ka tsufa ka zubar da haƙora, in ka tuna shi sai ka dara da dasashi. Tafiyar da na yi daga Dutse zuwa Jahun da mahaifin yarinyar da nake nema a lokacin tana cikin na biyun. Wannan rana ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina saurayi, sabon ma'aikaci, ina haya a unguwar Takur a Dutse, ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Ba na shan taba, ba na yawon banza, amma a bar ni da kiɗa a mota. Nan ne raunina. Da ma akwai amfilifaya ɗaya a ƙarƙashin kujerata, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita ke ba sifikun ƙofofi sauti. Sai zuciya ta ce bai isa ba. Na je na sayo wufa, wannan ƙatuwar sifikar da ke duma a ƙirjin mutum, a cikin akwatinta mai girman akwatin lefe, na haɗo da amfilifaya ta biyu don ita kaɗai.

To ga inda gizo ke saƙa. Mahaifin yarinyar nan malami ne, makarantarsa a ƙofar gidansa take, a bakin titi. Ba abin da ya tsana irin samarin da ke wucewa da motoci suna girgiza unguwa ana tsakiyar karatu. Da kunnena na taɓa jin ya ce duk wanda ya mayar da motarsa gidan biki ba shi da natsuwar riƙe gida. Manyana sun riga sun je neman aure, ya ce musu za a duba. Kun san ma'anar za a duba, bincike ake yi a kaina. Shi ya sa in zan je zance tun daga kwanar unguwar nake kashe rediyo, in iso shiru kamar mai zuwa ta'aziyya.

Wanda ya haɗa mini kayan abokina ne, mai gyaran wayar hannu, irin mutanen nan da ba su taɓa cewa ban iya ba. Da yamma muka yi aikin a ƙofar gidana. Ya jawo waya mai kauri daga batir, ya sa mata fiyus, ya raba ta biyu, kowace amfilifaya da nata. Ya kankare fenti ya ɗaure ta jikin mota. Saura wata 'yar siririya, wadda aikinta kawai ta tashi amfilifaya in an kunna rediyo, ta kwantar da ita in an kashe. Ita ce ta ƙare mana kafin ta kai but, inda muka ajiye wufar da sabuwar amfilifaya. Na ce mu bari gobe a sayo. Ya ce, “Haba, kai ma dai! Mota cike take da wayoyi, wuta ce ba za mu samu a but ba?”

Ƙofar gidan nan gangare ce, birkin hannuna kuma ya daɗe da rasuwa. Ga inji a kunne. Sai ya ce in zauna in danne birki da ƙafa kada mota ta gangara da shi. Na zauna na danne. Shi kuma ya shige but rabinsa a waje, yana tsikarar wayoyi da ɗan ƙwan gwaji, har ya samu wata mai wuta. Ya ɗaura, ya naɗe da salatif, ya ce in kunna. Kai! Madubi ya ɗauki rawa, kajin maƙwabta suka watse, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ana haka aka kira magariba, na kashe komai, muka sa wa taya dutse muka tafi masallaci. Ni ban sani ba, shi ma gwanin bai sani ba, wayar fitilar birki ya ɗaura. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ma'ana, wufar nan ba ta farkawa sai an taka birki, da an ɗaga ƙafa kuma ta koma barci.

Washegari da safe yarinyar ta kira ni, muryarta cike da murna. Wai Baba zai je Jahun dubiyar wani amininsa, wanda ya saba kai shi kuma ya yi tafiya, shi ne ta ce wa mahaifiyarta ai ina nan. “Ka ga dama ta samu,” in ji ta. “Don Allah ka nutsu, zai lura da komai.” Na ce ta kwantar da hankalinta. Na yi wanka, na sa farar shadda, na ɗauko darduma na lulluɓe akwatin wufa ko da za a buɗe but. A hanya duk na taka birki sai in ji dum daga baya, na ce a raina jak ɗin ɗaga mota ne ke yawo.

Malam ya fito da rawaninsa da carbinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa gaba. Ya yi addu'ar hawa abin hawa, muka tashi. Ba mu yi nisa ba ya ce, “Samari, kunna mana rediyo mu ji abin da duniya ke ciki.” Na kunna ƙasa-ƙasa, mai karanta labarai yana magana a hankali, ni ma ina tuƙi a hankali, har na fara hango kaina a ranar ɗaurin aure.

Da muka iso mahaɗar da za mu hau babban titi, na taka birki.

Wallahi ban taɓa jin murya irin wannan ba. Mai labaran nan da ke magana kamar mai jin kunya, sai ga shi ya dawo cikin but ɗina yana ruri kamar daga ƙasan rijiya. Kujeru suka ɗauka, carbin Malam ya yi tsalle. “Innalillahi! Wa ke baya?” in ji shi, yana waiwaye. Na ɗaga ƙafa don firgita, nan take murya ta koma yadda take. Bakina ya riga hankalina, na ce, “Allah gafarta Malam, tashar ce ke rawa.” Ya ce, “Ikon Allah,” ya gyara zama.

Can gaba na ɗan shafi birkin da yatsan ƙafa don in gwada. Ruri ya dawo. A nan na gane abin da abokina ya ƙulla mini. Na kai hannu zan kashe rediyo, Malam ya ɗaga yatsa, wai in bari, maganar taki ake yi. Yau da na manyanta na san abin da ya kamata: in tsaya, in ce Malam ga abin da ke ciki, a yi haƙuri. Amma saurayin da ke son aure ba da kansa yake tunani ba. Sai na yanke shawarar da ta fi kowace wauta a tarihin rayuwata, na ce zan kai shi Jahun ban taka birki ba.

Jama'a, ashe birki ni'ima ce. Tudun farko na rage gudu da muka tarar, na sauke giya, inji ya yi kuka, duk da haka muka haye shi da tashi sama, rawanin Malam ya gaisa da rufin mota. Na ce masa ban lura da shi ba. Wani mai adaidaita sahu ya tsaya sauke fasinja a gabana, na zagaye shi ta gefen titi ina watsa tsakuwa, ya bi ni da zagin da na ji daɗi ƙarar inji ta danne shi. Akuya ta gitta, na kauce. Amalanken shanu ɗauke da kara, na danna ham na wuce shi kamar iska. Ina ta fama da giya da kuloci kamar mai tuƙa tuwon biki.

Malam kuwa ya fara da istigfari a hankali, ya koma la haula, daga baya na ji ya shiga kalmar shahada. Hannunsa ɗaya a kan carbi, ɗaya ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa.

“Samari, sauri muke yi ne?”

“A'a, Allah gafarta Malam.”

“To wa ke bin mu?”

Na mayar da idona kan titi. Ina ji a raina ina ɓata abin da na zo gyarawa, amma na yi nisa, ina ganin saura kaɗan mu isa.

Mun kusa Jahun, a wata gangara da ke sauka kan kwalbati, sai ga garken shanu ya cika titi daga gefe zuwa gefe, wani dattijon makiyayi a tsakiyarsu da sanda a kafaɗa. Ni a rugar kakannina na yi wayo, na san saniya ba ta san ham ba, ba ta san sauri ba. Ba wurin kaucewa, giya kuma ba za ta tsayar da ni ba. Na ga fuskar dattijon nan sarai. Ban ma san lokacin da na miƙe a kan birki da duk ƙarfina ba.

Mota ta ja taya ta tsaya, hancinta saura taƙi ya taɓa wani farin bijimi. Labarai kuma ashe sun ƙare, an shiga tallar takin zamani, da ganguna da kalangu da 'yan amshi. Tirƙashi! Dajin nan gaba ɗaya ya ɗauka. Tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyi, murfin but yana kaɗawa, ga ni ba halin ɗaga ƙafa, don in na ɗaga mota za ta gangara cikin shanu. Malam ya shiga danna maɓallai yana neman na kashewa, ya ƙara murya. Da ƙyar na lalubo na kashe. Ko da aka kashe, tunda ƙafata na kan birki, wufar ba ta yi shiru ba, sai ta ci gaba da wani gunji mai kauri, huuum. Bijimin nan ya ɗaga kai, ya dubi motar, ya amsa mata.

Dattijon ya zagayo ta tagar Malam, ya yi sallama, ya leƙa baya. “Malam, lafiya dai? Maraƙi kuka sa a but?”

Da shanu suka wuce muka gangara inda ƙasa ta daidaita, Malam ya ce in kashe mota in buɗe but. Na buɗe. Ya ɗaga darduma da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon akwatin da wayoyin. “Har sallaya ka shimfiɗa masa,” in ji shi. Na durƙusa a bakin titi, farar shaddata a ƙasa, na zayyana masa komai, tun daga gangaren gidana har wayar birki.

“Wato tun daga Dutse kake gudun birki don kada in ji kiɗa?”

“E, Allah gafarta Malam.”

“Ka gwammace ka kai ni lahira shiru da ka kai ni Jahun da ganga.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce in cire wayar, na ce tsoro nake ji kada in cire ta fitilar gaba ɗaya. Ya gyara rawaninsa ya ce, “To tashi mu tafi. Duk inda ya kamata ka taka birki, ka taka, ko da za a ji mu a Kano.”

Haka muka shiga Jahun, ranar kasuwa, rediyo a kashe, amma kowane taku sai dum, sai gunji. Kun san cunkoson kasuwa, taku ne a kan taku. Mutane suna juyowa suna kallon babban malami a cikin mota mai kukan bijimi, shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar ba abin da ke faruwa. Da muka tsaya ƙofar gidan amininsa, wani ya tambayi ƙarar mece ce, Malam ya ce, “Motar ce ke yin sallama.” Da muka dawo, da zai sauka ya ce Allah ya yi albarka, ya shige gida.

Ni dai na sallama. Na kasa cin abinci, na kasa kiran yarinyar, don ina sonta so na gaske, kuma na san da hannuna na rusa. Abokina da na je masa da faɗa cewa ya yi ai wannan fasaha ce, ko a Turai ba a kai nan ba. Saura kaɗan in shaƙe shi.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya aika a kira baffana. Baffa ya dawo yana dariya har da riƙe ciki, sannan ya nutsu ya maimaita mini abin da aka ce masa. Malam ya ce a hanya ya gama yanke hukunci ba zai ba direban da bai san darajar rai 'yarsa ba. Ya ce ya ga wautata, ya ga ƙaryata, ba kuma ya yaba ko ɗaya. Amma ya ga lokacin da rai ya tsaya a gabana na zaɓi in ji kunya, kuma da aka tambaye ni ban ƙara ƙarya a kan ƙarya ba. Ya ce irin wannan ana iya gyara shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: na'urar da ke sa muryar mutum ɗaya ta cika daji ba ta dace da ganga ba, a cire ta a kai masallacin unguwa.

Aka kai, aka haɗa ta da batir da lasifika, wannan karon mai gyaran rediyo na gaske ya yi aikin. Gidan da muka tare bayan biki kuwa bayan masallacin yake. Shekara da shekaru amfilifayata ce ke tashina sallar asuba, ba kuma ta san ragi ba. Matata har yau in ta ga na fara kewaye-kewaye a magana sai ta ce, “Maigida, taka birki kawai, mun shirya jin ƙarar.”

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, aibin da kake ɓoyewa sau da yawa bai kai ɓarnar da kake yi garin ɓoye shi ba. Kunya ba ta kisa. In wurin tsayawa ya zo, ka tsaya, ko da duk gari zai ji abin da ke cikin but ɗinka.