Ruwan da Hajiya Ta Ƙi Sha

Na daɗe ina yi wa Hajiya aiki a gidanta da ke unguwar Harra ta Yamma a Madina, har matan layinmu suka fara ɗauka 'yarta ce ni. Daga Damagaram na zo da takardar aikin gida, bayan rasuwar mijina. Ita kuwa Bakanuwa ce, tun tana amarya ta zo Madina da maigidanta, ya rasu aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, ta zauna jiran nata lokacin. Da gaske nake, jira take yi. Ba ta da wani buri da ya wuce ta cika a Madina, a binne ta a maƙabartar nan da ke jikin Harami. Ko a Jidda ba ta yarda ta kwana. In ana biki a can sai ta tura ni da turare da gaisuwa, ta ce kada mutuwa ta zo ta tarar ba ta gida.

Likkafaninta yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, an jiƙa shi da zamzam an shanya tun kafin in zo. Ranar Juma'a in an idar da salla sai mu tsaya a jikin shingen Baƙi'a, tunda mata ba sa shiga, ta leƙa ta ɗaga sandarta.

"Can wajen yake, 'yar nan," takan ce, mijinta take nufi. "Ni ko'ina aka sa ni a ciki na gode."

Ɗanta guda ne, injiniya, haifaffen Madina, irin waɗanda za ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Aiki ya kai shi Meksiko, ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba sai a bakin masu kallon ƙwallo. Ya yi aure a can, matar ta haihu, shi kuma ya sa uwarsa gaba da naci a waya.

"Ya ummi, sati biyu bas, biyu kawai. Ki zo ki ga jikanki, halas, shi ke nan, in maido ki da kaina."

Ta yi ta ƙi, har ranar da ya ɗago jaririn a gaban waya ya ce sunan babansa ya sa masa. Ranar ta yi kuka, washegari ta ce in haɗa kaya. Na tambaye ta ko in sa likkafanin. Ta harare ni.

"Bar shi inda yake. An gaya miki mutuwa za ni yi a can?"

Kwanakin farko ba laifi. Ta goya jikanta da zanena, surukar tana kallo tana dariya, ba mai jin yaren wani. Ana saura kwana kaɗan mu dawo sai injiniya ya ce ba zai yiwu mu bar ƙasar ba mu ga dala ba, wai har daga bangon duniya ake zuwa kallonta. Hajiya ta ji dala, ta tuna dalar gyaɗar da ta sani a Kano tana yarinya, ta ce to a je. Bai ce mata kufai ba ne. Ina zaton shi kansa bai ga abin faɗa a ciki ba.

Mu uku muka tafi da hantsi. Ya ajiye mota can nesa, na ɗauko gorar ruwan da na cika a gida, ya ce in bar ta, nauyi ne, ana sayar da moya a ciki, wato ruwa. Muka shiga, ya ɗauki wani mutumin garin mai faffaɗar hula ya riƙa yi mana bayani, shi injiniya yana juya mana.

Ni ban taɓa ganin wuri mai faɗi da shiru irin wannan ba, duk da cikar da ya yi da baƙi. Titi ne guda miƙaƙƙe, dama da hagu dakali bisa dakali na dutse, ba rufi, ba ƙofa, ba bishiyar da za ka fake. Can gaba dala biyu, babba da ƙarama, kowace ta isa a kira ta tsauni, da matakala tun daga ƙasa. Masu talla suna busa wani abu na yumɓu mai kukan damisa. A jikin wani gini an sassaƙa kawunan macizai, bakuna a buɗe. Duwatsun kuwa baƙaƙe da jajaye ne masu huji-huji, sak irin na unguwarmu. Har na ce wa Hajiya ga 'yan'uwan duwatsun Harra, amma kunnenta yana wajen mai hula.

Mun yi nisa sosai da ƙofar da muka shigo lokacin da ta tsaya ta tambayi ɗanta.

"Su wa suka gina nan?"

"Ma ahad ya'rif, ummi. Ba wanda ya sani. Ko sunansu ba a sani ba."

"Ina suka tafi?"

Ya tambayi mai hula, ya juyo yana murmushi, shi a ganinsa labari ne mai daɗi. Ya ce garin ya fi kowane gari girma a zamaninsa, sai wuta ta ci tsakiyarsa, mutanen suka watse. Ya ce an tono gawarwakin mutane a ƙarƙashin ginin, hannuwa ɗaure ta baya, waɗanda aka yanka wa gumaka. Ya ƙara da cewa wannan titin da muke kai sunansa titin matattu.

Na ga fuskar Hajiya ta sauya, na kuma san dalili. Duk wanda ya zauna a Madina ya san kufan mutanen Annabi Salihu da ke arewa da mu, ya kuma san ladabin da aka koya mana game da garin da aka halaka: ba a zama, ba a wasa, a wuce da sauri ana kuka, ba a kuma shan ruwan wurin. Mijin Hajiya direban babbar mota ne a hanyar Tabuka, ta sha gaya mini in ya zo daidai nan rufe gilashi yake ya taka mota. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fara istigfari, hawaye na bin wuyanta.

"Ka kawo ni garin da aka yi fushi da shi," ta ce. "Fitar da ni."

"Ya ummi, wannan tarihi ne kawai. Sura ɗaya a gaban dala, mu tafi."

Hoto yake so. Har yau in na tuna wannan kalmar sai raina ya ɓaci.

Ba ta tsaya ba. Tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini, wadda daga ƙofar Harami zuwa sahun mata sai ta huta, ita ce ta kama hanya tana dogara sanda kamar ana korarta. Ta kuma nufi gaba ne, wajen ƙaramar dalar, don an ce akwai wata ƙofa ta can. Rana ta take, iskar ƙasar kuma ba ta cika ƙirji, ni mai lafiya ma haki nake. Na roƙe ta ta zauna a kan dakali ko na ɗan lokaci. Ta ce ba ta zama a nan.

Injiniya ya ruga ya sayo ruwa mai sanyi a wajen wata mai talla. Na buɗe na miƙa mata.

"A ina aka saya?"

"Hajiya, na kamfani ne, a roba yake, ba na rijiyarsu ba ne."

"A nan ya kwana ko ba a nan ba?"

"Don girman Allah ki sha. Lalura ce, ko malam zai ce ki sha."

"Ke ce malamin?"

Ta ture hannuna. Wallahi na ji haushinta a lokacin kamar in ɗaure ta in ɗura mata. Na ji haushin ɗanta da ya tsaya yana mata bayani da Larabcin makaranta. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari, gumin ma ya daina fita, amma ƙafa ba ta daina tafiya ba.

A gindin ƙaramar dala ta sulale. Na tare ta muka zube tare, kanta a cinyata. Injiniya ya tafi neman masu agaji yana ihu, baƙi suka kewaye mu, wata ta riƙe mana lema. Can Hajiya ta buɗe ido, ba ni take kallo ba. Hannunta ya faɗa kan dutsen ginin, ta shafa shi, ta sake shafawa, yatsunta suna bin hujojin.

"'Yar nan, Harra ce wannan?" ta ce a hankali. "Mun iso?"

Na ce, "Mun iso, Hajiya."

"Alhamdu lillahi. To ba ni ruwan."

Na ɗaga kanta na kafa mata robar. Kaɗan ya shiga, sauran ya bi haɓarta ya jiƙa mini zane. Ba ta sake magana ba. A asibiti ta cika kafin magariba.

Ɗanta ya yi iya yinsa a dawo da ita, wannan ba zan hana shi ba. Ya yi ta waya har muryarsa ta dushe. Amma duk daɗewar Hajiya a Madina ba ta da takardar 'yar ƙasa, iƙama ce da ita, wato izinin zama, irin tawa, aka ce masa iƙama ta mai rai ce. Ni na yi mata wanka, da wata Balarabiya da aka nemo daga masallacinsu. Farin yadi ya sayo a kanti, irin na zanen gado, na yayyanka da almakashin kicin. Aka kai ta wani lungu na maƙabartar garin da aka ware wa Musulmi, tsakanin mutanen da ba su san ko sunan Kano ba.

Ni kaɗai na dawo. Na sami wani gidan aikin a unguwar Aziziyya, akwatin ƙarfen kuma yana wurina, don ɗan ya ce ba zai iya ganinsa ba. Ranar Juma'a nakan tsaya a jikin shingen nan inda muke tsayawa. Ba a rasa gawa bayan salla, sai ka ga an fito da su a kafaɗa ana sauri. Da yawansu baƙi ne, masu ziyara, waɗanda suka sauka a Madina shekaranjiya.