Ƙulli Uku na Garin Tsiro

A gidanmu na Dudunni, da an ci tuwo bayan magariba, sai mu kewaye murhun Iya, kakata ta wajen uba. Ba ta da yawan dariya. Takan tura kara cikin wuta, ta ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne shi matso." Mu ce ta iso lafiya.

Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai muryarta ta yi ƙasa. Wata mata ce, Tabawa, ɗanta ƙwaya ɗaya ya kwanta ciwo har ba ya iya haɗiyar kunu mai kauri. In ta tsinka shi da ruwa, ba ya riƙe masa ciki. Yaro ya yi ta ramewa. Sai wata tsohuwa mai wucewa ta ba ta ƙulli uku na garin dawar da aka jiƙa ta tsiro, aka shanya, aka daka. Ta ce akwai ma'aikaci a ciki, ido ba ya ganinsa, yana sassauta kunu ya mai da shi mai zaƙi. Amma yana da sharaɗi, ita za ta gano.

Ranar farko tsoro ya hana Tabawa jira, ta zuba ƙulli ɗaya kunu na tafasa. Ba abin da ya canza. "Wuta ta kashe shi," in ji Iya. Rana ta biyu tsoro ya sa ta bari kunu ya yi sanyi ƙalau, ta kuma matsa tsamiya da yawa kafin ta zuba. Ma'aikaci ya yi ta jan jiki har yaro ya gaji da kuka. Saura ƙulli ɗaya.

Nan Iya takan dube mu ɗaya-ɗaya. "Ku da ku ne, mi za ku yi?"

Rana ta uku Tabawa ta sauke tukunya, ta zauna tana jin nishin ɗanta, ta hana hannunta gaggawa. Da zafin ya fara sauka, ta zuba, ta motsa, ta rufe. Kafin ta idar da salla kunu ya saki. Yaro ya sha, ya nemi ƙari.

Na girma, na zama malamar kimiyya a Kankia. Kowace shekara ina koya wa ɗalibai cewa sunan wannan ma'aikaci enzayim, zafi mai yawa na lalata shi, sanyi na rage masa sauri, tsami na hana shi aiki. Na ɗauka na san abin.

Da Iya ta kwanta ciwon ajali, abinci ya daina wuce mata. Na zo jinya, na daka tsiro da kaina. Amma jin yadda numfashinta ke fita ya ruɗa ni, na juye garin cikin tukunya tana bisa wuta. Ashe Iya tana kallona daga bakin ƙofa, inda aka jingina ta.

"Hinde," ta ce, da ƙyar. "Kin kashe shi, Malama. Sake wani. Ina nan, ba yau zan tafi ba."

Na sake damawa ina hawaye, na jira. Ta sha ludayi huɗu. Kwana tara ta ƙara a duniya.

Tun daga ranar na gane Tabawa ba rashin sani ne ya ci mata ƙulli biyu ba. Tsoro ne. Sanin sharaɗin abu ne mai sauƙi, kowace ɗaliba tawa na iya rubuta shi. Mai wuyar shi ne zama gaban tukunya hannu a naɗe, alhali wanda kake so yana jira.