Zagin da Ya Ceci Kawuna

Ko zan manta da komai na shekarun da Maiduguri ta sha wuya, ba na jin zan taɓa manta da yammacin da aka zaunar da kawuna a ƙasa a bakin unguwarmu saboda fuskarsa. Yanzu in na tuna dariya nake yi har da hawaye, amma wallahi a ranar ba abin dariya ba ne.

A lokacin ina da ɗan shago a gefen Kasuwar Kwastam, ina sayar da faifan fina-finan Hausa. Dokar hana fita ta sa kowa yana shigewa gida da wuri, ga layin waya an katse, to me mutum zai yi in ba kallo ba? A gidan da nake haya a Bulabulin, da an rufe ƙofa sai in tayar da ɗan janareto, in fito da talabijin tsakar gida, mata da yara su baje tabarmi.

Shugabar 'yan kallon nan wata tsohuwa ce Babarbariya da muke ce wa Kaka. Gudun hijira ne ya kawo ta daga ƙauyensu, ta sauka a ɗakin 'yarta a gidanmu, tana ɗan haɗa turaren wuta tana kaiwa kasuwa. Kaka ba ta san a yi kallo shiru ba. In yarinya za ta buɗe wa mugu ƙofa, sai ta ɗaga murya ta hana ta. In an nuno matalauciya, sai ta ce, "Wannan ce ba ta ci abinci ba? Kowace fitowa da sabuwar atamfa!" In aka shiga waƙa kuwa, sai ta juya baya ta ce an yi rasuwa a gida, su sun tafi gindin bishiya suna tsalle. Masu shirya fim dai sun sha faɗa a tsakar gidanmu ba su sani ba.

Amma duk ba wanda ta tsana kamar wani mutum da kullum yake fitowa a mugu, da gemu buzu-buzu da tabo a kunci. Da ya bayyana sai ta tofar da yawu ta fara ja masa Allah ya isa. Mutumin nan kuwa ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na sha gaya mata, sai ta harare ni ta ce, "Kai ɗan Kano, duk wanda ya fito a talabijin ɗan'uwanku ne. Rufe min baki in ji magana."

Kawun nan nawa, in ka gan shi a zahiri, sai ka tausaya masa. Tela ne, ga sanyin hali, ko kaza ba ya iya yankawa. Gemun da tabon duk manna masa ake yi. Ƙorafinsa kullum shi ne ya daɗe yana fim amma ba wanda ya san sunansa, samari masu kyau ake yabo, shi sai tsinuwa. Ko a bangon faifai ba a taɓa sa hotonsa ba, in ban da sau ɗaya da hannunsa ya fito riƙe da sanda.

To sai matata ta haifi 'yarmu ta fari. Mahaifiyata ba za ta iya hanyar daga Kano ba, Kawu ya ce shi zai wakilce ta wajen suna. Ana gobe suna na je tasha na yi ta jira, sai bayan la'asar motarsu ta iso. Muka hau Keke Napep muka nufo gida, yana ta ba ni labarin yadda aka yi ta sauke su a hanya ana bincike.

A shekarun nan baƙo ba ya shiga unguwa haka kawai. Akwai samarin unguwa, 'yan gora, da suke tsare bakin layi. Abin da suka fi dogara da shi ba katin shaida ba ne, fuska ce. Za su tsaya su ƙare wa baƙo kallo, in ba wanda ya san shi sai mai masaukinsa ya tsaya masa ya wuce. In kuwa wani ya ce ya taɓa ganin fuskar nan a inda bai dace ba, shi ke nan, a zaunar da mutum har bulama, wato mai unguwa, ya zo, in bai zo ba kafin a rufe hanya a miƙa shi ga sojoji. Wanda aka miƙa kuwa, ranar dawowarsa sai Allah.

Muka sauka, na yi sallama, na ce kawuna ne ya zo suna. Babbansu har ya ɗaga hannu alamar mu wuce, sai wani dogo a cikinsu ya matso ya ƙura wa Kawu ido.

"Tsaya. Ni na san fuskar nan."

Kawu ya washe baki, a zatonsa yau dai ya gamu da masoyi. Dogon ya ce, "Na taɓa ganin mutumin nan da adda a hannu." Wani ya leƙo ya ce shi ma idon nan ba baƙonsa ba ne. Na uku ya ce wallahi har muryar ya sani. Kowa ya san shi, ba wanda ya tuna a ina. Nan take murmushin Kawu ya bushe.

"Baba, zauna a ƙasa," in ji babbansu.

Na fara rantse-rantse cewa ɗan fim ne. Babban ya ce ai ni ɗan'uwansa ne, shaidata ba ta isa ba. Kawu ya lissafo fina-finan da ya fito. Suka ce duk sun kalla, sun san jaruman ciki, ba shi. Na ce bari in ruga shago in ɗauko faifai, sai na tuna an rufe kasuwa, kuma ko na ɗauko, hannunsa kawai zan nuna a bango. Aka aika gidan bulama, aka ce ya fita. Rana tana ta yin ƙasa. Na kalli Kawu zaune a kan ƙura da sabuwar shaddarsa, na tuna mahaifiyata da ta turo shi. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ana cikin haka sai ga Kaka ta dawo daga kasuwa da ƙunshin turarenta a ka. Ta ga taro, kuma Kaka ba ta wuce taro. Ta kutsa, ta dubi wanda ke zaune, ta sake duba, sai ta sauke ƙunshin a hankali.

"La'ilaha illallahu! Kai ne? Kai ne ka cinye gonar marayu?"

Na ga samarin nan sun gyara riƙon gora. Na ce a raina, shi ke nan, Kaka ta ƙarasa mu.

Ita kuwa yanzu ta fara. "Mara tsoron Allah! Ka kori yarinya cikin ruwan sama, ka bi ƙaninta da adda har bakin rafi. Ina gemun? Ka cire ko? Dama na faɗa na manne ne! Ranar da alƙali ya ɗaure ka, gefe guda ya ɓalle yana lilo, kana kukan ƙarya kana dafe shi da hannu. Su kuma masu ɗauka ba su da ido, suka bar shi haka!"

Dogon nan ya saki baki. Sai ya buga tsalle ya ce, "Kai! Fim ɗin marayun nan ne! A nan na gan shi da adda!" Wani ya ce ƙwarai, shi ne ma bokan ƙarya a wani fim ɗin. Nan wuri ya kaure da musu, wannan na cewa hukuncin da aka yi masa ya yi kaɗan, wancan na cewa ai jarumin ne sakarai.

Babbansu dai bai saki fuska ba. Ya ce, "Baba, in kai ne, yi mana dariyar nan taka." Bawan Allah yana zaune a ƙasa, gumi na zuba, ya ɗaga kai ya saki muguwar dariyarsa ta fim. Samari suka fashe da shewa, suka ɗaga shi suna kaɗe masa riga suna ba shi haƙuri. Kaka ta taɓe baki ta ce ta talabijin ta fi, wannan duk tsoro ne a ciki.

Washegari bayan an raɗa suna, Kawu ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya yi godiya. Ya ce mata ya yi wa kansa alkawari daga yau ya daina fitowa a mugu, liman zai riƙa fitowa ko a bar shi da ɗinkinsa.

Kaka ta ajiye kaskon turaren da take hurawa. Ta ce, "A'a, ɗana, kada ka daina. Waɗanda suka kore mu daga garinmu, ban ga an kama ko ɗaya a gabana ba. Kai kuwa duk faifan da yaron nan ya saka, kafin ya ƙare sai an kama ka. In na ga haka sai in samu barci."

Na dubi Kawu. Mutumin da ya shekara yana neman wanda zai yaba masa, sai ga shi yana share ido da bakin hularsa. Ni ma sai da na juya na kalli bango.

Daga baya Kawu ya ci gaba da muguntarsa ta fim, in sabo ya fito ya aiko min a mota ya ce a fara nuna wa Kaka. Ita kuma ba ta rage masa zagi ko kaɗan ba, sai dai takan ƙara da cewa wannan karon gemun ya zauna.

Abin da ranar ta koya min shi ne kada mai sana'a ya raina mai kushe aikinsa. Masu yabon fim da yawa sun kalli Kawu sun manta inda suka gan shi, har mantuwarsu ta kusa halaka shi. Wadda take zaginsa kullum ita ce ta kalle shi da gaske, kuma ita kaɗai ta san amfanin da aikinsa yake yi mata.