Hannun Baba Mai Tirela

"Malam Sani, taka ta mana! Wannan kunkurun zai sa in iske kasuwa ta watse." Ni ne nake zuga direbanmu. Mun baro Tsafe za mu Gusau, wata tirelar masara ta tokare mana hanya.

Duk sanda Sani ya leƙa zai sha gabanta, sai mai tirelar ya ziro hannu ta taga, wai mu koma. Ni kuwa ɗan kasuwa, na ziro nawa na watsa masa daƙuwa.

Ban mayar da hannuna ba wata tankar mai ta ɓullo daga kwana, fuuu, a daidai inda muke son shiga.

A Kwatarkwashi muka tsaya azahar, sai ga mai tirelar nan yana alwala, dattijo ne mai furfura. Na tsuguna kusa da shi.

"Baba, ni ne mai daƙuwar nan. Ka yafe mani."

Ya yi murmushi. "Na gan ta ta madubi, har yatsu biyar. Daga sama nike, ina hango abin da ba ku gani. A irin kwanar ga ɗana Bashiru ya rasu, na gabanshi bai fiddo mashi hannu ba. Tun ran nan, gara a zage ni."

Ya miƙo min butarsa. Na karɓa na yi alwala.

Allah ya jiƙan Bashiru. Ku fa, kun taɓa zagin wanda ranku yake karewa?