Jumma'o'in da mita ta cinye

Damina ce mai yawan yayyafi, irin wadda wanki ke kwana uku a igiya bai bushe ba. Shekarar duk haka ta zo mini, da sanyi da nauyi. A cikinta na gama takabar maigidana.

Yana da wani tsohon mashin da ya girmi 'yata ta fari. Lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, da mitarsa mai ƙirga kilomita na koyi lambobi. In ya dawo daga kasuwar Katako sai ya ce, "Malama, zo ki karanta mana." In karanta, in rubuta a littafina. Malamarmu ta ce lamba ba ta ƙarya, na riƙe wannan.

Da mahaifiyata ta samu shanyewar jiki a Bukuru, bakinta ya rufe, shi ya ɗauki nauyin zuwa duba ta kowace Jumma'a. Zuwa da dawowa ya haura kilomita talatin. Amma sai in ga mita ta ƙara tara, wani lokaci bakwai.

"Yaya Inna?"

"Da sauƙi. Ta sha kunu."

In ce alhamdu lillahi, in kawo masa abinci. Ban tambayi mutanen Bukuru ba, don kada in tona wa mijina asiri. Shekara biyu ina riƙe da abin a ciki. Na daina yi masa dariya yadda na saba. Ya rasu bai san dalili ba.

Bayan takaba ƙaninsa ya kawo wani dattijon bakanike ya duba mashin ɗin. Ya ɗaga tayar gaba ya juya ta. Allura ta motsa, lambobi suka tafi kaɗan suka tsaya cak. Ya kwance wayar mita, ya ciro wani ɗan ƙaramin giya mai haƙora, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Hajiya, kin gani? Haƙoransa sun cinye. Ya fi ni giɓi."

Na ce, "Yana rage lissafi ke nan?"

"A 'yar tafiya cikin gari yana kamawa. In hanya ta miƙe, ya yi zafi, sai ya riƙa zamewa. Ki je Bauchi da wannan, ya ce miki nan Faringada kika tsaya."

Ƙanin maigida ya yi dariya. Ni kuwa na ce bari in duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Mai rai ake ce wa ya yafe. Shi kuwa ya riga ya tafi.

Washegari da safe na soya ƙosai na aika masallaci sadaka da sunansa. Sannan na ɗauko littafin, na fere fensir, na bi Jumma'o'in ɗaya bayan ɗaya. Gefen kowace lamba na rubuta: ya je.