Gadon da ke Cikin Waya

Ƙanena ya rasu bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar mata, da 'ya mace da ko makaranta ba ta shiga ba, da rumfar cajin waya a bakin tasha wadda ita ma haya yake yi, da wani babur da ba ya tashi sai an tura shi. Sai kuma wayarsa. Ni ne wansa uwa ɗaya uba ɗaya, iyayenmu sun daɗe da rasuwa, don haka maganar abin da yarinyar nan za ta tashi da shi a wuyana ta faɗo.

Wayar ba wata ta kirki ba ce, fuskarta ma a tsage take. Abin da ke cikinta ne magana. Shekaru ya yi yana wani wasa da ake yi ta intanet, na yaƙi da gina gari, inda kowa yake da asusunsa, da dawakinsa, da makamansa, ya haɗa kai da mutanen da bai taɓa gani ba su je su ci garin wasu. Shiga kyauta ce. Amma lokaci-lokaci kamfanin da ya yi wasan sai ya fito da abin da samarin ke kira ƙari, wato sabuwar ƙasa da sababbin makamai, a kulle, ba a buɗe wa kowa sai wanda ya biya. Ƙanena bai taɓa bari wani ƙari ya wuce shi ba. Rabin ribar cajin nan can take tafiya.

Mun sha yin faɗa a kan wannan. Ni sana'ata albasa, ina saye a Tozai da Araba ina turawa kudu, kuma abin da na sani a ciniki shi ne in na sayar maka da buhu, to naka ne har gindinsa. Ban taɓa bin mutum gida na ce masa rabin ƙasan sai ya sake biya ba. Shi kuma yakan ce ban fahimta ba ne, masu zana dawakin nan ma'aikata ne, suna da iyali, ba za su yi ta aiki a banza ba. Na ce to su faɗi kuɗin abin gaba ɗaya tun farko, mai hali ya saya, marar hali ya kama gabansa. Sai ya yi dariya ya ce ai shi ba kashe kuɗi yake ba, kiwo yake yi. Asusu irin nasa ana sayar da shi da tsada, duk ranar da ya matsu zai sayar ya sayi fili. Haka ya gaya wa matarsa, ta kuma yarda, don ba mutum ne mai ƙarya ba. Shi kansa ya yi imani da maganar, wannan ne ya fi ƙona min rai.

A zaman makoki wani abokinsa ya ƙetaro iyaka daga Ƙonni ta ƙasar Nijar, saurayi mai sayar da kayan waya, wanda a cikin wasan suka fara sanin juna. Ya yi kuka na gaske, wannan ba zan zalunce shi ba. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce in iyali za su sayar da asusun, shi zai saya. Ya faɗi kuɗin da sefa. Na juya su a kaina zuwa naira, na sake juyawa don ina tsammanin na yi kuskure, na ga sun fi kuɗin babur ɗin nesa ba kusa ba. Ranar ce na fara ɗaukar abin da muhimmanci.

Na ce masa ba yanzu ba. A gidanmu ba a taɓa ko tsinken mamaci sai an raba gado, kuma ba ma rabawa sai matar ta fita takaba, an tabbatar babu ciki, don kada a danne haƙƙin wanda bai zo ba tukuna.

"Yaya, abin ga ba shi jira hwa," in ji shi.

Na ɗauka gaggawar mai saye ce, don ni ma haka nake ce wa manoma in ina son su sakar min kaya da araha. Na kashe wayar, na naɗe ta a hular marigayi, na sa a akwatin tufafinsa na kulle. Na san albasa tana ruɓewa a ajiye, amma ban taɓa tunanin zanen cikin waya ma yana ruɓewa ba.

Takaba ta ƙare, babu ciki. Muka zauna a zauren limamin unguwarmu, wanda shi ke raba mana gado tun zamanin mahaifinmu. Na aika wa abokin nan ya zo, don babu wanda ya iya buɗe abin a cikinmu. Ya sa wa wayar caji, ya buɗe, ya miƙa wa Malam. Malam ya ɗora tabarau ya daɗe yana kallon dawakan nan suna kaɗa jela. Ya tambaya ko akwai caca a ciki, aka ce babu. Ya tambaya ko mutane suna saye suna sayarwa a tsakaninsu, aka ce sosai. Ya ce to dukiya ce, ta shiga gado.

Nan ne saurayin ya yi gyaran murya ya ce sai dai kuɗin da ya faɗa a da, yanzu babu su. A watannin da wayar take akwati an fito da sabon ƙari. Makaman da ke cikinsa sun fi duk na da ƙarfi, jama'a sun kwashe sun koma sabuwar ƙasar, kuma waɗanda suka saya sun bi ta garin da ƙanena ya gina a wasan sun yi masa kaca-kaca tunda babu mai tsaro.

"Dawakin ga yanzu awa jakkai suke," in ji shi. "In ba a sai ƙarin ba, ba wanda ka sayen asusun ga."

Raina ya ɓaci har na manta a gaban wa nake. Na ce wannan ai fashi ne da rana tsaka. Mutum ya yi shekaru yana biyanku, kun karɓa, sannan da hannunku ku mayar da abin da kuka sayar masa shara don ya sake biya. Saurayin nan, abin mamaki, sai ya tsaya musu tsayin daka kamar ubansa ne mai kamfanin. Ya ce ba a tilasta wa kowa ba. Ya ce in ba a kawo sabon abu ba mutane gajiya suke yi su watse, wasan ya mutu, kowa ya yi asara. Ya ce ba a ɗauke wa marigayi ko doki ɗaya ba, ga su nan cif. Na ce in na sayar maka da rijiya, sannan na haƙa mai zurfi a gefenta taka ta ƙafe, ni ma ban ɗauke maka rijiya ba, ga raminka nan. Ya ce ba ɗaya ba ne. Na ce ya gaya min bambancin. Ya ce ni ba na yin wasan, ba zan gane ba. Kalmar ƙanena ke nan sak.

Malam ya bar mu muka gaji. Sannan ya ce shi dai ba zai yarda a sa ko kwabon marainiya a abin da ba a san ƙarshensa ba. In ina so in sayi ƙarin daga aljihuna don a ceto abin da ya saura, wannan tsakanina da Allah ne.

Na saya. Lokacin kuɗina duk suna cikin albasa, sai ɗan abin cefane, amma na kasa kallon wahalar ƙanena ta tafi haka nan. Katin bankina ma ƙin biya ya yi, sai da muka je wurin wani mai shago da ke da katin da ke biya ƙasashen waje, ya ɗora tasa la'ada. Kuɗin na shiga, fuskar wayar ta cika da furanni da tartsatsin wuta, ga bushe-bushe, ga wani rubutu ya fito da laƙabin ƙanena na cikin wasan. Na tambayi abin da aka rubuta. Saurayin ya ce ana yi masa barka da dawowa ne, an ce an yi kewarsa. Mutumin da ni na sa shi a kabari da hannuna. Na fita waje na tofar da yawu.

Saurayin ya sayi asusun, ƙasa da abin da ya faɗa da farko, amma dai da ɗan kauri. Na canja sefar wurin 'yan canji, aka haɗa da kuɗin babur da tarkacen rumfa, Malam ya raba. Matar ta sami tumuninta, yarinya rabi, ragowar tawa ce na ce na bar wa yarinya. Da yake kafin rabon sai da aka biya kuɗin hayar rumfa da na magani da suka taru, abin da ya rage wa yarinyar kusan duk na wayar nan ne. Uwar ce ta ce a saya mata akuya, kada kuɗin su narke a hannu. Ranar kasuwa na shiga kara, inda ake sayar da dabbobi, na zaɓo jar akuya mai ciki, lafiyayyiya, na kai ta Lafani gidan iyayen matar inda suka koma. Yarinyar ta maƙale mata. Ita ke ba ta harawa, ita ke ba ta ruwa, in aka neme ta aka rasa to tana gindin turke tana yi mata surutu. Na ce a raina ko ba komai, ga abu ɗaya da za a iya taɓawa da hannu ya fito daga shirmen nan.

Ba a daɗe ba sai ga saurayin nan a rumfata, fuska a murtuke. An rufe asusun. Kamfanin ya ga ana buɗe shi daga wata waya a wata ƙasa, ya gane an sayar, ya kulle shi har abada da duk abin da ke ciki. Ya rubuta musu ya sake rubutawa, amsa iri ɗaya ake turo masa, da ganinta ka san ba mutum ne ya rubuta ba. Tsakaninmu da Ƙonni tafiyar da mai kabu-kabu ke yi sau da yawa a wuni ce, mutanen da muke auratayya da su ne, amma a wurin kamfanin wata duniya ce.

Muka koma zauren Malam. Saurayin ya karanta saƙon daga Faransanci ya fassara. Wai asusu ba mallakin mai wasa ba ne, izinin amfani kawai aka ba shi, ba ya sayarwa, ba ya bayarwa, ba a gadonsa. Malam ya sa aka sake karantawa. Ya cire tabarau, sannan ya ce ashe marigayi bai taɓa mallakar komai ba, aro aka ba shi yana biya. Ya ce shi ma da ya san haka da bai sa shi a gado ba. Mun sayar da abin da ba namu ba, cinikin bai ƙullu ba, dole a mayar wa mai saye kuɗinsa.

Na ce Allah gafarta Malam, to wanda ƙanena ya yi shekaru yana zubawa fa, da wanda ni na zuba, wa zai mayar?

"Alhaji, waɗanga ba su zauren ga," in ji Malam. "Wanda ag gabana shi nika ma hukunci."

Ban ga laifin Malam ba, gaskiya ya faɗa. Na juya wurin saurayin na roƙe shi ya ba ni lokaci albasata ta fita, in biya shi daga aljihuna, a bar wa yarinya akuyarta. Ya sunkuyar da kai ya sosa ƙeya. Ya ce da so samu ne da ya jira, amma akwai rangwamen da kamfanin ya yi wa sababbin shiga, ya kusa ƙarewa, yana so ya buɗe sabon asusu ya sayi ƙarin kafin a rufe. Mutanen da suka wanke shi tas, su yake gaggawar kai wa kuɗin. Na tambaye shi ko ba ya jin kunya. Ya ce dokarsu ce, shi ne ya karya, kuma abokan yaƙinsa suna can suna jiransa.

Na yi niyyar in ci bashi in rufe maganar ba tare da matar ta ji ba, amma labari ya riga ni isa Lafani. Na tarar da ita a tsakar gida ta riga ta yanke shawara. Na yi ta lallashi, na ce ni zan ɗauki nauyin, ta ƙi. Ta ce abin da Malam ya ce ba halas ba ne ba zai zauna a turken 'yarta ba, kuma kuɗin da sunan mijinta aka karɓe su.

"Yaya, kwance ta," ta ce. "Ba ni son a bi shi da haƙƙin kowa cikin kabari."

Na durƙusa ina kwance igiyar. Akuyar ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. Yarinyar ta ɗauka kiwo zan kai ta. Ta ruga ta ɗebo harawa a gefen zaninta ta zuba min a hannu, ta ce Baba ka ba ta in ta ji yunwa, kuma ka maido ta kafin magariba. Uwar ta juya ta shige ɗaki. Na cusa harawar a aljihun rigata, na ja akuyar muka fita.

A bakin kara na tarar da saurayin yana jirana a kan baburinsa, kansa a sunkuye kan waya. Har ya buɗe sabon asusun, kuɗin kawai yake jira.