Gonar da Ba a Yi wa Ban Ruwa

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori, ni ne direban wani injiniya Bafaranshe. Daga Talata Mafara har Maradun hirarsa ɗaya ce: gonar inabin kakanninsa, wanda ya dasa, wanda ya gada, da giyar da suke yi. Ni da ko warinta ba na so, dole in saurara.

Rannan na tambaye shi yadda suke ban ruwa. Ya ce haram, su sai ruwan sama, wai inabin da ya ji ƙishirwa ya fi daɗi.

Na danne zuciyata, na ci gaba da tuƙi. Muna wucewa ne ta bakin ruwan da ya cinye gonar kakana. Ita ma ruwan sama ya ishe ta.